Gidan Talaka A Ingila A Zamanin Da

Ya ku 'yan makaranta, duk wanda ya buɗe littafin tarihin Turawa na zamanin da, abin da zai fara cin karo da shi sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Wane ya hau gadon sarauta shekara kaza, wane ya ci wane da yaƙi, wane ya gina ganuwa, wane ya zo ya rushe ta. Mu ma haka muka karanta, muka haddace, aka tambaye mu muka amsa. Amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mana yawo a zuci, wadda littattafan nan ba su cika kula da ita ba. Sa'ad da sarki ya ke bisa doki cikin sulke, wa ya noma abin da dokin ya ci? Wa ya kaɗa zaren rigar da ke ƙarƙashin sulken? Shi kuma wannan manomi, in rana ta faɗi ya nufi gida, wane irin gida ya ke komawa, me ya ke tararwa cikin tukunya, yaya zamansa ya ke da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa? Wannan gida mu ke so mu shiga da ku yau, mu zauna bakin murhu mu duba.

Turawa suna kiran lokacin nan Zamanin Tsakiya, watau shekarun da ke tsakanin faɗuwar daular Rum ta yamma cikin 476 da wajen 1500. Shekara dubu ke nan, ƙasashen kuwa barkatai, kowace da al'adarta, mu kuwa ba mu ce za mu haɗiye gatari ba. Saboda haka mun zaɓi ƙasa ɗaya, Ingila, da shekarun da ke tsakanin 1250 da 1400. Don ku gane lokacin sosai, a cikinsa ne Mansa Musa, sarkin Mali, ya tafi aikin hajji cikin 1324, a cikinsa ne kuma Sarkin Kano Yaji ya hau gado, cikin 1349 bisa lissafin tsohon littafin tarihin Kano. A wajen 1300 mutanen Ingila duka ba su wuce miliyan biyar ko shida ba, kuma in ka ɗebi goma, takwas ko tara a ƙauye su ke, da noma su ke ci.

Kila wani ya ce, to, mutanen da ba su karatu ba su rubutu, ina aka samo labarin cikin gidajensu? An same shi ta ƙofa uku. Ta farko, kowane ƙauye yana ƙarƙashin wani ubangida, ko babban barde, ko wani shugaban coci, ko gidan masu ibada. Ubangidan nan yana da kotunsa, da magatakarda mai rubuta tara da haraji da gado a kan fatar tumaki, a naɗe ta kamar tabarma a ajiye. Dubban naɗin nan suna nan har yau. Ta biyu, tun 1194 aka sa ma'aikatan sarki a kowane lardi, waɗanda in mutum ya mutu farat ɗaya sai su zo su tara maƙwabta su tambaye su, ina ya ke, me ya ke yi, da wane lokaci. Wata malamar tarihi ta Amurka, Barbara Hanawalt, ta bi irin wannan bincike fiye da 3,000, ta fitar da littafi a kansu cikin 1986. Ta uku ita ce ƙasa kanta. A wani kufai a Yorkshire mai suna Wharram Percy, masana sun shekara 40 suna haƙa, daga 1950 zuwa 1990, suka tono harsashin gidaje da tukwane da ƙasusuwan mutum fiye da 600. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa: talakan zamanin nan ba ya shiga takarda sai ran da aka ci shi tara, ko ran da ya biya haraji, ko ran da ya mutu.

Kusan rabin manoman nan ba 'ya'ya ba ne sarai, ba kuma bayi ba ne irin waɗanda a ke kaiwa kasuwa. Ɗaurarru ne da ƙasar da aka haife su a kai. Mutum yana da gidansa da gonarsa, in ya mutu ɗansa ya gaje shi, amma ba shi da ikon tashi ya bar garin sai da yardar ubangida, kuma kowane mako ya kan yi kwana biyu ko uku yana aiki a gandun ubangida ba lada. Da kaka, daidai lokacin da hatsinsa ke jiran lauje, sai a ƙara masa waɗansu kwanaki, wata irin gayya ce ta dole, ko da ya ke ran nan ubangida ya kan ciyar da ma'aikata. Ran Kirsimeti ya kai kaza, ran Ista ya kai ƙwai. Coci kuma ta ɗauki ɗaya cikin goma na dukan abin da gona da garke suka bayar. Mai wadata cikinsu yana riƙe da eka 30, matsakaici 15, da yawa kuwa ba su kai eka biyar ba, sai sun haɗa da ƙwadago kafin su ga ƙarshen shekara.

To, mu yi sallama mu shiga. Gidan ɗaki ne mai tsawo, faɗinsa wajen ƙafa 15, tsawonsa 30 ko fiye. An kafa manyan itatuwa masu lanƙwasa biyu biyu, kawunansu sun haɗu a sama, an saƙa tsumagu tsakani kamar asabari, an yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu, sa'an nan an rufa da shuci. Taga 'yar ƙarama ce, ba gilashi, sai marfin katako. A tsakiyar daɓe ga murhu, ba wata hanya da aka gina wa hayaƙi, sai ya bi ta cikin rufi ya fita a kan ganin damarsa, don haka rufin baƙi ƙirin ya ke. Kayan ɗaki ba su da yawa: benci, da faifan katako da a ke ɗorawa bisa ƙafafu a ci abinci a sauke, da akwati, da katifar ciyawa, da tukunyar tagulla wadda uwargida ke ji da ita. A jihohin tuddai na yamma, kamar Devon, mutane na gefe ɗaya, shanu na ɗaya gefen, ƙarƙashin rufi guda. Kada ku yi dariya. A ƙasar da hunturu ke daskarar da ruwa ya koma kamar dutse, dare kuma ya kai awa 16, ɗumin jikin saniya ma abin nema ne. In za a kwanta sai a kifa wani kasko bisa garwashi, don kada wutar ta mutu, kada kuma ta tashi.

Su wa ke ciki? Kada ku zaci gida ne mai sassa, da kaka da baffanni da 'ya'yansu duk wuri ɗaya. Miji ne da mata ɗaya da 'ya'yansu, galibi mutum huɗu ko biyar ko shida, wani lokaci da tsoho guda ko bara guda. Dalili kuwa, saurayi ba ya aure sai ya sami ƙasar da zai ci da iyali, ƙasa kuwa sau da yawa ba ta samuwa sai uba ya mutu ko ya gaji ya sauka. Dokar coci ta yarda yarinya ta yi aure tana shekara 12, yaro yana 14, amma wannan ya fi aukuwa a gidajen manya, inda a ke haɗa dukiya da dukiya. 'Ya'yan ƙauye sai sun kusa 20 ko sun wuce. Tun zamanin Paparoma Alekzanda na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, aka tabbatar cewa yardar namiji da mace ita ce aure: in sun ce sun ɗauki juna, aure ya ɗauru, ko da a gindin itace ne ba shaidu. Wannan ya jawo rigingimu ba iyaka, wata ta ce ya faɗa, shi ya ce bai faɗa ba, har babban taron coci na birnin Rum cikin 1215 ya umurta a riƙa shelar aure tukuna. A bakin ƙofar coci a ke ɗaura shi, inda kowa zai gani, nan ango zai faɗi abin da matar za ta ci in ya riga ta mutuwa. Uban amarya ya ba ta gara gwargwadon hali, ko saniya, ko tukunya da kayan shimfiɗa, ko 'yan kuɗi, in ɗaurarre ne kuma ya biya ubangida kuɗin izini. Auren nan kuwa ba saki, sai mutuwa.

Gonakin gari ba shinge tsakaninsu. Manyan filaye ne biyu ko uku, an yanka kowanne siri siri, kowane gida yana da yankunansa a warwatse nan da can, kowa ya ɗanɗana ƙasa mai kyau da marar kyau. Kowace shekara a kan bar fili ɗaya ya huta, dabbobin gari su yi kiwo a ciki su zuba taki. A wurare da yawa ƙasar laka ce mai nauyi, garma ta kan bukaci takarkari shida ko takwas, talaka kuwa da wuya ya mallaki fiye da biyu. Sai maƙwabta su haɗa, yau a yi wa wannan huɗa, gobe a yi wa wancan, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alkama a kan shuka ta kafin hunturu, sha'ir da wake da wani hatsi da dawaki da mutane ke ci kuwa sai hunturu ya wuce. Ga lissafin da mu ke so ku yi a allonku. Mudu ɗaya na iri, a shekara matsakaiciya, mudu uku ko huɗu ya ke bayarwa. Ku cire ɗaya na irin baɗi, ku cire na coci, ku cire na mai niƙa, ku ga abin da ya rage. Wannan ɗan lissafi shi ne sarkin gidan na gaskiya. Shi ke faɗin ran da ɗa zai yi aure, shi ke faɗin ko 'ya za ta zauna ko za ta tafi barance, shi ya sa kuma ba hannun da ke zaune banza, daga na yaro har na tsoho.

Uwargida ita ke fara tashi. Ta tone garwashi ta hura wuta, ta tatsi saniya, ta ɗebo ruwa, ta ba kaji da alade abinci, ta duba ɗan lambun bayan gida inda kabeji da albasa da tafarnuwa su ke, ta kaɗa man shanu, ta yi cuku. Duk inda ta zauna mazari na hannunta tana kaɗin gashin tumaki, har ma kalmar da Ingilishi ke kiran macen da ba ta yi aure ba, asalin ma'anarta mai kaɗi. Da kaka ta ɗauki lauje ta shiga gona tare da maza. Abincin kullum fate ne na hatsi da wake da ganye, wanda tukunyarsa ba ta cika sauka daga wuta ba, da baƙin burodi mai tauri. Farin burodin alkama na masu hali ne. Cikin watan Nuwamba a yanka alade, a cika naman da gishiri a rataye cikin hayaƙi, a riƙa yanko kaɗan kaɗan har hunturu ya fita. Kwana 40 kafin Ista azumi ne, ba nama ba ƙwai. Dankali da masara da tumatir ba su san su ba, sai bayan 1492 suka ƙetaro daga Amurka, shayi kuwa sai bayan 1600. Abin shansu wata giyar sha'ir ce marar ƙarfi, wadda ba ta jimawa ta ke lalacewa, don haka yau wannan gida ya dafa ya sayar, jibi wancan. Mata ke dafa ta, ta nan su ke samun kwabon kansu, ta nan ne kuma sunayensu suka fi shiga takardar kotu, gama kusan kowace mai dafawa sai an ci ta tara a kan awo ko a kan kuɗi.

Maganar niƙa kuwa ta isa a tsaya a kanta. Tun cikin 1086, sa'ad da Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasar, an sami duwatsun niƙa da ruwa ke juyawa fiye da 5,000. Na iyayengiji ne, kuma a wurare da yawa dole ɗaurarre ya kai hatsinsa can, mai niƙa ya ɗebi rabonsa. Mace kuwa ta fi so ta niƙa a gida da ɗan dutsenta na hannu, hatsin ya zauna cikin ɗaki. A garin St Albans, cikin 1331, shugaban gidan masu ibada, wanda shi ne ubangidan garin, ya sa aka tattaro duwatsun hannun mutane, aka daɓe wani ɗakin baƙi da su, don duk mai shiga ya taka. Mutanen ba su manta ba. Bayan shekara 50, cikin tawayen 1381, suka kutsa ɗakin, suka tone duwatsun, suka farfasa, kowa ya ɗauki ɗan guntu ya tafi da shi gida. Mu dai duk cikin tarihin nan ba mu ga labarin da ya fi wannan nuna inda zuciyar talaka ta ke ba. Jikoki ne suka je karɓo dutsen niƙan kakanninsu.

Yanzu mu juya wajen yara. Mata ke karɓar haihuwa, namiji ba ya shiga. Ran da aka haifi jariri ko kashegari a ke kai shi coci a yi masa baftisma, don tsoron kada ya mutu tukuna, sau da yawa kuma sunan wanda ya tsaya masa a ke ba shi. Mai jego ta yi wajen kwana 40 kafin ta koma coci. Ƙasusuwan Wharram Percy sun nuna a kan shayar da yaro har tsakanin shekara ɗaya da biyu kafin a yaye shi, sun kuma nuna daga yaye girma ya kan yi nawa, har ɗan shekara 14 tsawonsa bai wuce na ɗan shekara 10 na Ingila ta yanzu ba. Mutuwar yara kuwa ba ta san fada ba ta san bukka ba. Sarki Edwad na Farko, wanda ya yi mulki daga 1272 zuwa 1307, matarsa ta farko ta haifa masa 'ya'ya aƙalla 14, shida kaɗai suka girma.

Takardun masu binciken mutuwa su ne suka fi ba mu tausayi, su ne kuma suka fi nuna mana yadda yini ke tafiya. Jarirai sun fi mutuwa cikin gadonsu kusa da murhu, uwa ta fita aiki, tartsatsi ya faɗa kan ciyawa. 'Yan shekara biyu da uku kuwa, mata sun fi gamuwa da hatsari wajen tukunya, maza a waje, bakin ruwa ko bayan ubanninsu, watau tun suna tatata kowa ya fara kwaikwayon wanda zai gada. Mata manya da yawa rijiya da kududdufi suka ci su wajen ɗiban ruwa, maza kuwa keken shanu da itace da gona. Wani malamin Faransa, Philippe Ariès, ya rubuta cikin 1960 cewa mutanen zamanin nan ba su ɗauki ƙuruciya wani abu dabam ba. Waɗanda suka bi takardun daga baya ba su yarda da shi ba, mu ma ba mu yarda ba. Uwar da ta bar jariri ta tafi gona, lissafin mudu uku ne ya kore ta, ba rashin so ba. A bakin kogin Landan an tono wani ɗan barde bisa doki, na dalma, wanda aka ƙera a wajen 1300 don wasan yara. Ba a yi wa wanda ba a so abin wasa.

Wasa kuwa suna yinsa. Cikin 1314 sai da aka hana ƙwallon ƙafa cikin birnin Landan saboda hayaniya, da Kirsimeti kuma a kan ajiye aikin gona kwana 12. Amma aiki na jiran yaro tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas: ya yi kiwon dinya, ya tsinto itace, ya yi reno, ya kori tsuntsaye. Cikin wani littafin addu'o'i da aka yi wa wani barde mai suna Luttrell tsakanin 1320 da 1340, an zana wani yana jifan hankaki da majajjawa a sabuwar shuka, ga mata kuma a duƙe suna girbi. In yaro ya kai 12 sai a sa shi cikin wata ƙungiya ta maza wajen goma, waɗanda in ɗayansu ya yi laifi sauran ne za su kawo shi, in ba haka ba a ci su tara. Da yawa, maza da mata, su kan tafi barance a gidan wani su shekara suna tara abin aure. Makaranta fa? Ku da ke zaune kan benci, ku ji wannan da kyau. Ɗaurarre in yana so ɗansa ya yi karatu, sai ya nemi izinin ubangida ya biya, gama yaron da ya yi karatu ya zama limamin coci, gandu ya rasa hannu ɗaya. Sai cikin 1406 aka yi doka cewa kowane mutum, ko mene ne matsayinsa, yana da ikon sa ɗansa ko 'yarsa makarantar da ya ga dama.

To, in ƙarfi ya ƙare fa? Tsohon da ba ya iya aikin gandu sai ya je kotu ya miƙa gonar ga ɗansa, ko ga wani in ba shi da ɗa, a bisa sharaɗi, magatakarda ya rubuta. A Halesowen, kusa da Birmingham ta yanzu, cikin 1281, wani ya karɓi gonar uwarsa gwauruwa, aka rubuta zai riƙa ba ta alkama da wake da gawayi da kuɗi a ranaku sanannu kowace shekara, kuma zai gina mata ɗaki mai tsawon ƙafa 30 da faɗin 14, da ƙofa uku da taga biyu. A waɗansu yarjejeniyoyin har tufa da takalmi da wurin zama bakin wuta a ke ambata. Wani zai ce, ashe har uwa da ɗa sai an rubuta? Mun auna maganar nan ta fuska biyu. Tsohuwar ta san hali, ta san ranar yunwa na zuwa, ta san suruka, ta kuma san ɗan nan yana iya riga ta mutuwa gonar ta faɗa hannun bare. Ba ta jira tausayi ba, ta ɗaure haƙƙinta gaban jama'a, jama'a kuwa suka zama shaida, in aka tauye ta kotu na iya mayar mata da gonarta. Ran da mai gida ya mutu kuwa, ubangida ya ɗauki dabbar da ta fi kyau, coci ta ɗauki mai bi mata. Gidan da ke da shanu biyu yana iya wayewa ba mai gida ba saniya.

Haka a ke tafe da kyar sai shekarun wahala suka zo. Daga 1315 zuwa 1317 ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, hatsi ya ruɓe a gona, kuɗin alkama ya ninka sau uku ko fiye, yunwa ta kashe wajen mutum ɗaya cikin goma. Ba a farfaɗo ba, cikin 1319 annobar shanu ta shigo ta kashe fiye da rabinsu. Sa'an nan cikin 1348 babbar annoba ta sauka ta bakin teku a Dorset, kafin ƙarshen 1349 ta game ƙasar, ta kwashe tsakanin sulusi da rabin mutane. Ba su san sanadinta ba. Sai cikin 1894 aka gano ƙwayar cutar, daga baya aka gane ƙuma ce ta jikin ɓera ke yaɗa ta. A ƙauyen Walsham na Suffolk, a zama ɗaya na kotu cikin Yuni 1349, magatakarda ya rubuta mutuwar masu gona fiye da 100, yana bi ɗaya ɗaya yana rubuta dabbar da aka karɓa da wanda ya gada. Ku dubi yadda abin ya ke: gari na kuka, alƙalami na ƙidayar shanu.

Waɗanda suka tsira kuwa sai duniya ta juya musu. Ƙasa ta yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Ɗan ƙwadagon da a da ke samun ahu, watau kwabo ɗaya da rabi, ko kwabo biyu a yini, kafin 1400 sai ga shi yana neman taro ko kwabo huɗu. Cikin 1349 da 1351 aka yi dokoki don a mayar da lada yadda ya ke, amma ba su tsayar da abin ba. Nama da farin burodi suka fara shiga gidan talaka. Da aka aza harajin kai har sau uku cikin shekara huɗu, na ƙarshe sule ɗaya ɗaya, sai manoma suka tashi cikin 1381, suka shiga Landan, Wat Tyler na gabansu. Sarki Ricad na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya yi musu alkawarin 'yanci, aka kashe Tyler, aka warware alkawarin. Duk da haka ɗaurin nan ya yi ta saki da kansa, gama ubangidan da ya matsa sai ya wayi gari mutanensa sun gudu wurin wani. Kafin 1500 sauransa kaɗan ne.

To, jama'a, mun shiga gidan mun fito. Abin da muka gani shi ne, sarautar da littattafai ke yabo, da ganuwa da sulke da manyan coci masu tsawo, duk a kan ɗan ragowar mudu ukun nan aka gina su, mudun kuwa daga hannun mata da miji da yaro mai majajjawa ya fito. Mun kuwa ce za mu komo kan wata magana. Mutanen nan sun yi hira, sun yi dariya, sun yi faɗa sun shirya, amma wanda ke riƙe da alƙalami a garinsu ba nasu ba ne, na ubangida ne. Ya rubuta tarar mai giya, bai rubuta abin da ta ke rera wa jaririnta ba. Ya rubuta saniyar da aka karɓa, bai rubuta abin da gwauruwa ta ce da aka ja ta aka fita da ita ba. Ku kuwa alƙalami ya zo hannunku, kuma 'yan gida ne ku. In an ba da hutu kun koma, kada karatu ya sa ku raina murhun da ya dafa muku. Ku zauna kusa da tsofaffi ku tambaye su me a ke ci da yunwa ta zo, nawa aka ba da sadakin kakarku, wa ya haƙa rijiyar gidanku, wane aiki a ke fara ba yaro. Ku rubuta da sunayensu da shekarunsu, ku ajiye wuri mai kyau inda gara ba ta kaiwa. Bayan shekara 700, in wani ɗan makaranta ya tambaya yaya mutanen zamaninmu su ke zaman gida, kada a ce da shi sai dai ya duba takardar haraji.